Nawa Ake Kashewa a Ƙungiyar Sororiti a Jami'o'in Amurka? Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Na daɗe ina zaune a wani garin jami'a a kudancin Amurka, kuma gidana ya zama masaukin 'ya'yan 'yan'uwa da na abokan arziki da aka turo karatu. Duk watan Agusta sai wayata ta fara ƙara daga Kano ko Kaduna ko Maraɗi, maganar kusan ɗaya ce: yarinya ta ce za ta shiga wata ƙungiyar 'yanmata, ta nemi a ƙara mata kuɗi, iyaye kuma ba su san kan abin ba. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su iya sanina. Abin da nake so kowa ya riƙe tun daga nan shi ne, adadin da ake fara faɗa wa yarinya ba shi ne duka kuɗin ba, kuma lokacin yin lissafi shi ne kafin zuciyarta ta kwanta da gidan.

Wai mece ce sororiti ɗin nan tukuna?

Ƙungiya ce ta ɗalibai mata a jami'a, wadda ake shiga ta hanyar gayyata, a yi rantsuwar zama 'yan'uwan juna har ƙarshen rayuwa. Kalmar daga Latin aka samo ta, ma'anarta 'yar'uwa. Sunayensu haruffan Girkanci ne biyu ko uku, irin su Chi Omega ko Kappa Alpha Theta. Kowace tana da hedikwata ta ƙasa, da rassa a jami'o'i daban-daban, kuma a manyan jami'o'i reshen yakan mallaki katafaren gida a gefen makaranta inda wasu daga cikin 'yan ƙungiyar ke kwana, sauran kuma su zo cin abinci da taro.

Abin ya tsufa. Wadda ake kira Alpha Delta Pi a yau ta faro ne a 1851 a Kwalejin Wesleyan da ke garin Macon a jihar Jojiya, lokacin da mace a aji abin kallo ce. Kappa Alpha Theta ta biyo baya a 1870 a jihar Indiyana. A 1902 ƙungiyoyin suka kafa majalisar haɗin gwiwa mai suna National Panhellenic Conference, wadda a yanzu ke da ƙungiyoyi 26 a ƙarƙashinta. Yawancin abin da zan faɗa game da tsada ya shafi waɗannan ne. Na baƙaƙen fata tsarinsu daban, za mu zo kansu.

Ba ƙungiyar asiri ba ce irin wadda muka sani a jami'o'in Nijeriya?

Wannan ce tambayar farko a bakin kowane uba, kuma ban ga laifinsa ba. Mun ga yadda ƙungiyar da su Wole Soyinka suka kafa a Ibadan a 1952 da kyakkyawar niyya ta buɗe ƙofar da wasu suka biyo ta da adda da bindiga. Sororiti ba haka take ba. A yawancin jami'o'i hukuma ta san da ita, akwai ofishin da ke kula da ita, sunan gidan a rubuce yake da manyan haruffa a bakin titi, kuma 'yan ƙungiyar suna yawo da sunanta a ƙirjin riga. Akwai ɓangaren da suke ɓoyewa, wato kalmomin rantsuwa da yadda ake bikin shigarwa, amma ba daba ake yi ba.

Wannan ba ya nufin babu abin tsoro. Azabtar da sababbin shiga, kamar tilasta shan giya ko hana barci ko wulaƙanci, ya ci rayukan ɗalibai a Amurka, galibi a ƙungiyoyin maza. Mafi yawan jihohi suna da dokar hana shi, kuma a Disamba 2024 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka ga jama'a. Uba yana iya shiga shafin jami'ar ya duba ko an taɓa hukunta reshen da 'yarsa ke so.

To, nawa ne kuɗin?

Babu farashi ɗaya. Ya danganta da jami'ar, da reshen, da kuma ko suna da gida. A ƙaramar kwaleji inda reshen ba shi da gida, sai dai a ba su ɗaki su yi taro, kuɗin zangon karatu ɗaya yana iya tsayawa a 'yan ɗaruruwan daloli. A manyan jami'o'in jihohi, musamman na kudu, ana maganar dubbai ne.

Jami'ar Alabama ce misalin da kowa ke kawowa, tun da bidiyoyin makon neman shiga ƙungiyoyinta, wato makon da 'yanmata ke zagaya gidajen ƙungiyoyi ana zaɓar waɗanda za a gayyata, suka cika TikTok a Agusta 2021. A alƙaluman da aka fitar a wancan lokacin, sabuwar shiga tana biyan sama da dala 4,000 a zangonta na farko a matsakaicin lissafi, wadda ke kwana a gidan ƙungiya kuma sama da dala 7,000 a kowane zango. Idan dala tana naira 1,500, dala 4,000 ta zama naira miliyan 6, a wata huɗu, kuma ba a taɓa kuɗin makaranta ba. Alabama tana can ƙololuwa, yawancin wurare ba su kai haka ba, amma ta nuna iya nisan da abin ke iya kaiwa.

Bari mu yi lissafin wuri matsakaici. Mu ɗauka zangon farko dala 1,500 ne, sauran zango bakwai kuma dala 900 kowanne. Ka ga 7,800 ke nan. Ƙara dala 400 a kowane zango na ƙananan abubuwan da ba sa cikin takardar biya, 3,200. Jimla dala 11,000 a shekara huɗu. Wannan lissafin na shekara huɗu shi nake roƙon iyaye su yi, domin yarinyar da ta shiga ba ta shiga don zango ɗaya ba. Mu kuma da muke samu da naira muna da ƙarin nauyi da Ba'amurke ba shi da shi: wanda ya yi alkawari a farkon 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Kuɗin ƙungiya bai motsa ba a dala, amma ya ninka sau uku a aljihunsa.

Me ya sa zangon farko ya fi sauran tsada?

Saboda kuɗaɗen da ake biya sau ɗaya duk a nan suke taruwa. Akwai kuɗin sabuwar shiga, akwai kuɗin rantsarwa da ke tafiya hedikwata, akwai kuɗin bajen ƙungiya, wato ɗan ƙaramin tambarin da ake maƙalawa a riga. Na azurfa ko ruwan zinariya yana da dama-dama, wanda aka yi wa ado da duwatsu masu daraja kuwa yana iya cin ɗaruruwan daloli, kuma yarinya ta ga na ƙawarta yana walƙiya. Rassa masu gida sukan ƙara da kuɗin asusun gini. Dukansu ana so a biya cikin makonnin farko, daidai lokacin da iyaye suka gama biyan tikitin jirgi da kuɗin makaranta da kayan ɗaki, aljihu ya yi wayam.

Ina duk wannan kuɗin yake tafiya?

Kashi uku. Wani ɓangare na zuwa hedikwatar ƙasa, don albashin ma'aikata da horaswa da inshora. Wani na zama a reshe, da shi ake shirya taruka da liyafa da hidimar neman sababbin 'yan ƙungiya. Mafi tsoka, inda akwai gida, shi ne na kamfanin da ke riƙe da ginin, wanda galibi tsofaffin 'yan ƙungiya ne ke tafiyar da shi: gyara, wuta, ruwa, masu dafa abinci, masu shara, da albashin dattijuwar da ke zaune a gidan tana kula da shi, wadda suke kira uwar gida. Ko yarinya ba ta kwana a can, za ta biya kuɗin amfani da falo, kuma a wurare da yawa dole ta sayi tsarin abincin gidan.

Waɗanne ne kuɗaɗen da ba a rubutawa?

A nan ne ake shammatar mutane, don haka zan ɗan daɗe.

Duk Bahaushiyar da ta san anko ta riga ta fahimci rabin maganar. Kowane taro da rigarsa. Ranar karɓar sababbi riga, ranar tara kuɗin agaji riga, liyafar haɗin gwiwa da wata ƙungiya riga, ranar iyaye riga. Kowace ba ta fi dala 15 ko 25 ba, ana cewa ba dole ba ne, amma a hoton da za a saka a Instagram kowa na sanye da ita. Sai fararen kaya na ranar rantsuwa, sai doguwar riga ta babbar liyafa, wadda ba a son a maimaita ta shekara mai zuwa, da takalmi da gyaran gashi da ƙumba. Sai kuɗin mota zuwa wurin liyafar, wani lokaci har da otal.

Sai kuma al'adar uwar ɗaki da 'yar ɗaki, kamar yadda muka yi a makarantun kwana. A shekara ta biyu ana ba kowace tsohuwa sabuwar shiga guda ta zama ƙanwarta, kuma mako guda cur tana kai mata kwandon kyaututtuka a ɓoye kafin ranar da za ta bayyana kanta. Bargo mai haruffan ƙungiya, kofuna, alawa, riguna, allunan ado. Wannan makon kaɗai yana iya lashe ɗaruruwan daloli, wadda aka ba ƙanne biyu kuma ta biya ninki.

Wata 'yar yayana ta shiga irin wannan ƙungiya a shekararta ta farko. Babanta ya amince da adadin da ke cikin takarda, ya biya ba gardama. Wani dare a watan Oktoba na shekara ta biyu na shiga ɗakin da take sauka a gidana, na tarar da ita zaune a ƙasa, kewaye da kwanduna huɗu da takardar naɗe kyauta da almakashi, wayarta a hannu tana duba abin da ya rage a asusunta. Dala 31. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ɗago ido ya cika da ƙwalla ta ce, "Gwaggo, wadda ta zama uwar ɗakina bara ta yi mini fiye da haka. Ya zan yi in ba yarinyar nan abin da bai kai ba?" Mako biyu tana cin taliyar leda da dare, ba ta gaya wa kowa ba, don kunyar sake kiran Babanta. Ba wanda ya tilasta mata ko sisi. Kara ce da gudun a raina ta, irin dai wadda ke sa mace ta ci bashi don gudummawar biki.

Akwai kuma aikin agaji. Kowace ƙungiya da abin da ta sa a gaba: Delta Delta Delta tana tara wa asibitin yara na St. Jude, Chi Omega tana tallafa wa gidauniyar Make-A-Wish mai cika burin yara masu tsananin rashin lafiya, Zeta Tau Alpha ta riƙi yaƙi da sankarar mama. Aiki ne mai kyau kuma suna tara kuɗi na gaske. Sai dai wasu rassan suna yanka wa kowace 'yar ƙungiya tikitin da za ta sayar ko adadin da za ta kawo. 'Yar Amurka za ta kira kakanninta da kawunnanta su saya. Yarinyar da danginta ke Gusau sau da yawa daga aljihunta take cikewa.

Shi kansa neman shigar ana biya?

Ana biya. Akwai kuɗin rajista na makon neman shiga, daga 'yan gomomin daloli a wasu wurare zuwa ɗaruruwa a wasu, kuma ba a mayarwa ko ba a ɗauke ta ba. A jami'o'in da ake yin makon kafin a buɗe makaranta, sai ta iso da wuri, ta biya ƙarin kuɗin ɗaki da abinci. Kowace rana da irin shigar da ake so, daga ƙananan kaya har zuwa na fita liyafa. Masu hali har hayar mai ba da shawara suke yi, a biya ta dubban daloli ta koya wa yarinya yadda za ta yi hira da yadda za ta gyara shafukanta na sada zumunta. Wannan ba dole ba ne, kuma ban taɓa ba kowa shawarar yin sa ba.

Akwai hanya ta biyu da mutane ba su cika sani ba. Bayan an gama babban makon, rassan da ba su cika adadinsu ba suna ci gaba da ɗauka a hankali, ta hanyar hira da shan shayi, ba tare da wannan hidimar ba. Kuɗin ƙungiya dai yana nan, amma an tsallake na makon.

Zama a gidan ƙungiya ya fi ɗakin kwanan jami'a tsada?

Ba kullum ba. Wannan ne wuri ɗaya da lissafin ke iya juyowa ya taimaki iyaye. A wasu jami'o'in, idan aka haɗa kuɗin ɗaki da abinci na gidan ƙungiya, yana yin daidai da na jami'a ko ma ƙasa da shi, musamman a garuruwan da haya ke da tsada. Don haka idan aka ga dala 7,000, a cire abin da dā ma za a biya na kwana da abinci, ragowar shi ne ainihin tsadar ƙungiyar.

Abubuwa uku za a kula da su. Rassa da yawa suna wajabta zama a gidan aƙalla shekara ɗaya, kuma idan gadaje suka zauna babu kowa, ana iya raba asarar a kan 'yan ƙungiya. Na biyu, sabuwar shiga tana iya samun kanta tana biyan abinci sau biyu, na jami'a da aka wajabta wa 'yan shekarar farko da kuma na gidan. Na uku ya fi shafar namu: gidajen sukan rufe a hutun Kirsimeti da dogon hutun bazara. 'Yar gari ta tafi gidansu, baƙuwa kuwa sai ta nemi inda za ta raɓa, ko ta sayi tikitin komawa gida.

Da gaske ana cin tara?

Da gaske. Rashin zuwa taron mako, makara, ƙin halartar atisayen makon neman shiga, jinkirin biya, duk suna iya jawo tara a rassa da yawa. Ta makon neman shiga ce ta fi zafi, domin ana lissafa ta da kwana. Yarinyar da ta je hutu gida kuma tikiti mai sauƙi bai samu ba sai bayan an fara atisaye, ta tabbatar ta nemi izini a rubuce tun kafin ta tafi.

Tallafin karatun da ta samu ba zai biya ba? Ko ta yi aiki ta biya da kanta?

Yawancin tallafin karatu kuɗin makaranta yake ɗauka, wani da kwana da abinci. Kuɗin ƙungiya ba ya cikin ƙiyasin da jami'a ke rubutawa a takardar I-20, wadda da ita aka nemi biza. Ɗalibar waje kuma ba ta da haƙƙin tallafi ko rancen gwamnatin tarayya. Idan hukumar gwamnati ce daga gida ke ɗaukar nauyinta, kada ma a sa rai.

Batun aiki, mai bizar ɗalibai ta F-1 an yarda ta yi aiki a cikin jami'a har awa 20 a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, ko da yake jihohi da jami'o'i da yawa suna biyan fiye da haka. A kan 7.25, awa 20 na mako 15 ya ba da dala 2,175. Idan ta yi dace da dala 12 a awa, 3,600 kafin haraji. Zai iya biyan reshe mai sauƙi. Amma ƙungiyar ma tana cin lokaci, taro da hidima da sa'o'in aikin sa kai, sannan tana buƙatar a riƙe wani matakin maki. Awa 20 na aiki, da hidimar ƙungiya, da karatun injiniya ko harhaɗa magunguna, dole ɗaya ya ji jiki, kuma karatun ne yakan ji. Kada kuma ta kuskura ta karɓi aiki a wajen jami'a ba da izini ba don cike giɓi, wannan yana iya kashe bizar gaba ɗaya.

Ƙungiyoyin suna da gidauniyoyi masu ba da tallafi, kuma yawancin rassa suna yarda a biya kashi-kashi a wata. A tambaya. Sai dai tallafin nasu ya fi karkata ga kuɗin karatu, kuma sai an shiga ake nema.

Ƙungiyoyin baƙaƙen fata fa, sun fi sauƙi?

Tsarin biyansu ne ya bambanta. Huɗu ne manya: Alpha Kappa Alpha da aka kafa a Jami'ar Howard a 1908, Delta Sigma Theta a 1913 da Zeta Phi Beta a 1920, duk a Howard, sai Sigma Gamma Rho a 1922 a Jami'ar Butler. An kafa su ne a zamanin da ƙofofin fararen fata ke rufe, kuma sun taka rawa a gwagwarmayar 'yanci. Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha ce tun tana ɗaliba a Howard. Zeta Phi Beta ta buɗe reshe a Monrobiya ta Laberiya tun 1948.

Mafi yawan rassansu ba su da gidan kwana, don haka babu wannan babban nauyin. Amma kuɗin shiga dunƙule yake, yakan haura dala 1,000, kuma ana so a kawo shi a ɗan gajeren lokaci bayan an amince da mutum. Ba sa ɗaukar wadda ta sauka daga jirgi jiya, sai ta yi zango ɗaya ko fiye ta nuna makinta. Sannan su da gaske suke nufin har abada: bayan kammala karatu ana ci gaba da biyan kuɗin shekara a reshen manya, da zuwa manyan taruka. Alherin da ke ciki shi ne ana iya shiga bayan an gama digiri. Yarinyar da ke sha'awa tana iya jira har ta fara aiki ta biya da guminta, kuma na sha ba da wannan shawarar.

'Yata Musulma ce. Za ta amfana da abin da ake biya kuwa?

Tambaya ce mai kyau, domin kuɗin ɗaya ne ga kowa, ko an ci moriya ko ba a ci ba. Gidajen ƙungiyoyin mata na babbar majalisar an hana giya a cikinsu, kuma akwai iyaka ga shigar maza, wannan ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Amma wani kaso na kuɗin yana tafiya ne ga liyafa da raye-raye da ake yi a waje tare da ƙungiyoyin maza, inda giya ke gudana. Yarinyar da ba za ta je ba ta biya abin da ba ta ci ba. Haka abinci: idan tukunya ɗaya ce kuma naman alade na shiga, ko naman ba yankan Musulmi ba ne, za ta ƙare a salak da dankali. A watan azumi ana ɗauke abincin dare kafin a sha ruwa idan rana ta yi tsawo. Wasu masu dafa abincin suna da kirki, suna ajiye mata nata, amma sai an nema tun farko.

Wasu ƙungiyoyin kuma tushensu na addini ne. Theta Phi Alpha mata 'yan Katolika aka kafa wa ita a 1912, Alpha Epsilon Phi kuma mata Yahudawa ne suka kafa ta a 1909, da yawa daga sauran suna da addu'o'i ko karatun Littafi Mai Tsarki a bikin rantsuwa. Yau duk suna karɓar kowa, amma tana da haƙƙin ta tambaya ko akwai abin da zai ci karo da aƙidarta kafin ta biya kuɗin rantsuwar. Akwai 'yanmata masu hijabi da suka shiga suka ji daɗi, akwai waɗanda suka ji kamar an ajiye su don hoto. Ya danganta da mutanen reshen.

Akwai ƙungiyar da Musulmai mata suka kafa wa kansu, Mu Delta Alpha, wadda ta faro a Jami'ar Texas da ke Dallas a 2016. Rassanta kaɗan ne, sai a duba ko akwai a jami'ar da take.

Idan aka kasa biya, ko ta ce ta fasa?

Takardar da ta sa wa hannu yarjejeniya ce ta shari'a, kuma ita ta sa hannu a matsayin baliga, wani lokaci tare da mai tsaya mata. Idan bashi ya taru, za a fara da hana ta halartar taruka, sannan dakatarwa, sannan kora. Bashin ba ya mutuwa da korar. Ana iya miƙa shi ga kamfanin karɓar bashi, ya ɓata mata tarihin biyan bashi, wanda a Amurka da shi ake duba mutum wajen kama haya ko sayen mota. Kwantiragin zama a gidan na shekara ne, fita a tsakiya ba ya sauke shi.

Idan ta fita bayan rantsuwa, abin da ta biya ya tafi, kuma ba za ta taɓa iya shiga wata daga cikin ƙungiyoyi 26 ɗin nan ba. Idan kafin rantsuwa ne, za ta jira babban makon neman shiga na gaba. Tsakanin karɓar gayyata da rantsuwa akwai 'yan makonni, kuma su ne damar ƙarshe ta janyewa da ƙaramar asara. Wadda ta ga alamar ba za ta iya ba, ta yi magana da ma'ajin reshen tun bashin bai girma ba. Wasu ƙungiyoyin suna da matsayin rangwame na ɗan lokaci ga wadda ta shiga matsi.

To me take samu da har ake biyan wannan kuɗin?

Ba zan raina shi ba, domin na gani da idona. Yarinya 'yar shekara 18 da ta tashi cikin gida mai cike da mutane, ta sauka a jami'a mai ɗalibai dubu talatin ko arba'in, ba ta san kowa ba, sanyi ya shigo, dare na yi tun ƙarfe biyar. Kaɗaicin nan yana kwantar da mutum. Ƙungiya tana ba ta teburin da za ta zauna a kai kullum, da wadda za ta lura idan ba a gan ta ba kwana biyu. 'Yar yayan nawa da na ba da labarinta, lokacin da zazzaɓi ya kayar da ita cikin dare, 'yan ƙungiyarta biyu ne suka kai ta asibiti suka kwana a kan kujera har na iso da asuba. Akwai kuma koyon shugabanci da riƙon kuɗi, da tsofaffin 'yan ƙungiya da ke buɗe ƙofar samun aiki. Wannan na ƙarshen ya fi amfanar wadda za ta zauna a Amurka. Wadda za ta koma Abuja ko Yamai bayan digiri, haruffan Girkancin ba za su buɗe mata ƙofa sosai a can ba.

Me za mu tambaya kafin ta sa hannu?

Ƙungiyoyin babbar majalisar an wajabta musu nuna wa masu neman shiga bayanin kuɗinsu a lokacin makon neman shiga. Ta ɗauki bayanin da kyau ta turo gida a ranar, kada a jira ranar gayyata, lokacin da ake ihu da rungume-rungume ba mai iya cewa a'a. A tambayi jimlar zangon farko da ta kowane zango bayansa, da abin da ke ciki da wanda ba ya ciki, musamman riguna da liyafa. A tambayi ko zama a gidan dole ne, shekara nawa, da ko ana rufe shi a hutu. A tambayi jerin tara, da nawa kuɗin ya ƙaru a shekaru biyun da suka wuce. Sannan ta samu wata 'yar shekara ta uku a gefe, ba a gaban jama'a ba, ta tambaye ta nawa ta kashe bara daga aljihunta.

Iyaye kuma su faɗi iyakarsu da lamba, a dala, tun kafin makon ya fara. "Za mu duba" ba amsa ba ce, yarinya za ta ji ta a matsayin an yarda.

Idan ba ta shiga ba, an bar ta a baya ke nan?

A'a. A yawancin jami'o'in Amurka waɗanda ba su shiga ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma akwai manyan jami'o'i irin su Notre Dame da Rice da ba su da waɗannan ƙungiyoyin sam. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda ta faro a Jami'ar Illinois a 1963, tana kusan kowace babbar jami'a, haka ƙungiyar ɗaliban Afirka, da ƙungiyoyin sana'a irin na mata injiniyoyi. Kuɗin shigarsu kaɗan ne, wasu ma kyauta. Sai dai su ba sa bin mutum har ɗaki, ita ce za ta taka ta je, ta koma, ta sake komawa har a san fuskarta.

Ƙanwar waccan 'yar yayan tawa ta iso bayanta da shekara biyu. Ta zauna da yayarta suka buɗe takardun banki na zango huɗu, suka haɗa lissafi a bayan ambulan, ta kalli jimlar ta ce a bar shi tukuna. Ranar Juma'arta ta farko na sauke ta a ƙofar ɗakin da ɗalibai ke sallah. Ta fito tare da wata 'yar Sudan da wata 'yar Senegal, suna gardamar wace ce za ta dafa shinkafa ranar Lahadi, ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Gwaggo, ki tafi kawai, za su rako ni."